Sati Shida Ina Cewa Lafiya Lau

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Baba ya sa rigarsa ta Juma'a ana tsakiyar sati, ya bar gona, don kawai ya gaida malamata ba. Ko yanzu da na zauna rubuta wannan labari sai da na tashi na sha ruwa na dawo.

Ga yadda aka yi. Ina shekara ta uku a jami'a a Damagaram, ina karatun na'ura (mu muna cewa "anformatik", muna wani ɗaga hanci), sai na ji labarin wani shiri da ake yi wa ɗalibai lokacin babban hutu. Akwai wata manhajar zane ta kyauta da masu zanen hotuna ke amfani da ita a ƙasashe da dama. Ba ta da mai ita guda ɗaya. Kod ɗinta, wato rubutun da aka gina ta da shi, a buɗe yake, duk wanda ya iya sai ya sa hannu ya gyara. To duk shekara mutanen wannan manhaja sukan ɗauki ɗalibai kaɗan, a ba kowa aikin wata uku, a haɗa shi da wani tsohon hannu da zai ja shi. In an kai tsakiya a duba abin da ka yi. In da abin kirki ka ci gaba, in babu a sallame ka.

Na nema, ba don ina sa ran samu ba. Sai ga shi an ɗauke ni. Kai, ranar nan har mai kabu-kabun da ya kai ni tasha sai da na ba shi labari, shi ko bawan Allah ya ce, "Allah sa alheri," ya miƙo hannu a sallame shi.

Aikin da aka ba ni ba shi da wuyar bayani. In ka zana, a ce, ƙwarya, ka zo zuba mata launi a ciki, to in akwai ƴar kafa a jikin layin, komai ƙanƙantarta, sai launin ya zurare ta nan ya cika shafin gaba ɗaya. Masu zane sun daɗe suna kuka da haka. Ni aka ce in koya wa manhajar ta gane kafar ta tsayar da launin. Wadda aka haɗa ni da ita wata mata ce a wata ƙasa mai nisa, ba zan faɗi sunanta ba, Madam kawai nake ce mata. Tana aiki a gidan buga littattafai, aikin manhajar nan kuma don Allah take yin shi, ba wanda ke biyan ta.

Sai dai su a can wannan lokaci na hutu ne da yawon shaƙatawa. Mu a Matameye damina ce. Gandunmu yana kan hanyar Tsauni, gwiwar Baba ta daɗe da fara ba shi wahala, hannun da gidan ke da shi biyu ne, ni da wana Yaya Habu. Da na dawo gida na durƙusa na yi wa Baba bayani. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Wannan abin, aiki ne ko wasa?"

Na ce, "Aiki ne, Baba. Babban aiki ma."

Ya ce, "To, na ɗauke maka gona bana. Habu, ka ji."

Yaya Habu ya ce ya ji. Ya ci gaba da gyaran ƙotar hauyarsa.

Matsalar tun ranar farko ta soma. Shi kod ba ya aiki haka nan. In ka rubuta, sai na'ura ta haɗa shi duka ta mai da shi manhaja, kamar yadda gari ba ya ciyuwa sai an tuƙa. Ordinatar ɗina kuwa, wato kwamfuta, tsoho ne, okaziyo na saye shi, na hannu, in ya ɗau zafi ƙararsa kamar injin niƙa. Na ba shi umarnin haɗawa. Ya yi ta gurnani, ya wuce rabi, sai ya ƙame. Can ya fito da ɗan gajeren saƙo wai an kashe aikin. Na sake, ya sake mutuwa a wuri ɗaya. Na ce zafi ne, na ɗora shi kan murfin randar Inna don ya sha sanyi (ta ce in na ƙara sai ta jefa shi cikin randar ya sha da kyau). Na ce kuran ne, wato wutar lantarki. Na goge komai na sake saukewa. Haka sati ya ƙare ban ga manhajar ta buɗe ko sau ɗaya ba.

Na san abin da za ku ce: me ya hana ka tambaya? Ai shi ne labarin.

Mutanen manhajar suna da zauren hira a intanet, kowa na ciki, kowa na ganin abin da kowa ya rubuta. Sauran ɗaliban kuwa tambaya suke yi ba kunya ba tsoro. Akwai wata yarinya da ta rubuta a gaban jama'a wai ba ta san inda ake ajiye wani fayil ba. Wallahi kunya ce ta kama ni a madadinta. Na ce a raina, wannan ba ta da masu faɗa mata ne? Ni da aka zaɓo daga Matameye, in buɗe baki gaban duniya in ce ko tayar da abin ban iya ba? Su ce ga irin ta nan, wa ya ce a ɗauko shi? Tun muna lakwal, makarantar boko, haka muka tashi. Mushe, malaminmu, ya cika allo ya juyo ya ce, "Kun gane?" duk aji ya amsa, "Mun gane!" Wanda ya ɗaga hannu ya ce bai gane ba, shi ne abin dariya har a tashi.

Ga kuma Madam. Duk ƙarshen sati sai ta aiko saƙo: "Yaya aiki? Akwai inda ka makale?" Ni kuma a kunnena wannan gaisuwa ce. Mu nan ko mutum yana kwance asibiti aka ce mishi ina gajiya, ba gajiya zai ce. Babba ya tambaye ka yaya aiki, ka kama zazzaga mishi damuwarka? Haba. Sai in rubuta mata da ladabi: "Lafiya lau, Madam. Aiki na tafiya, na gode ƙwarai." Ita kuwa tambaya take yi ta gaskiya, tana jiran amsa ta gaskiya. A ƙasan raina na san haka, kada in yi wa al'ada sharri. Fakewa na yi da ita don ta fi sauƙi.

Sati na uku ta ce in riƙa tura abin da na rubuta inda kowa zai gani, ko da bai ƙare ba, ko da ba ya aiki, wai haka suke yi. Na ce a raina wane tela ne ke rataye riga mai hannu ɗaya a bakin shago? Na ce mata rezo, wato sabis ɗin intanet, ba kyau. Sati na huɗu na ce kuran. Laifin da na ɗora wa kuran da rezo a daminar nan, in suna da baki sai sun kai ƙarata. Ban kuma zauna banza ba, kada ku ɗauka barci nake. Rubutu nake yi ba ji ba gani, a kaye da bik, wato littafi da biro, sannan in kwafe cikin na'ura, shafi bayan shafi na kod da ban taɓa ganin ya motsa ba. Kullum ina ce wa kaina gobe zai haɗu, in tura komai lokaci guda su sha mamaki.

Abin da ya fi cin raina shi ne gida. Da la'asar Yaya Habu zai shigo, laka har gwiwa, tafin hannunsa duk kanta, ya same ni a inuwa ina kallon na'urar da ta ƙame. Ya ce, "Sannu da aiki." Ni kuma, marar kunya, in ce, "Yawwa, sannu Yaya." Inna ni take fara miƙa wa fura, wai aikin ƙwaƙwalwa ya fi cin jiki. Ƴan fadarmu, abokan zaman hira, suka sa mini Injiniya, in na wuce ana shayi sai a miƙo mini na farko. Na karɓa na sha, ban taɓa cewa a'a ba. Abinci dai ya daina yi mini daɗi, na rame, kowa ya ce aiki ne.

Sati na shida Madam ta ce lokacin duba aiki ya yi, za mu yi kiran bidiyo in nuna mata inda na kai. Nan ne na yi abin da ya fi komai muni. Na buɗe manhajar da kowa ke saukewa, wadda ba ko harafi ɗaya nawa a ciki. Na zana akuya, na bar kafa a wuyanta. Na toshe kafar da siririn layi da hannuna, na zuba launi, na goge layin, na ɗau hoto. Ga akuya ja, ga kafa a buɗe, launi bai zurare ba. Na yi guda uku. Na ce wa kaina ai ba ƙarya ba ce, haka abin zai kasance in ya haɗu (mutum in yana son yaudarar kansa, lauya ba ya fin shi baki).

A butik ɗin Kawu Isuhu, ƙanin Baba, na shirya yin kiran, don yana kusa da tasha, yana da sola, rezo kuma ya fi ƙarfi a can. An yi ruwa da asuba ranar, ƙasa ta yi laushi, irin ranar da manomi ba ya wasa da ita. Na zauna ke nan na jona na'ura, sai na ji sallama. Baba ne cikin farar rigarsa ta Juma'a, har da turare, Yaya Habu na biye da shi.

Na ce, "Baba, lafiya? Gonar fa?"

Ya ce, "Gona tana nan. Mace ta ɗauki ɗanka tana koya mishi sana'a sati shida, ba ka gaishe ta ba, ai ba a yi mutunci ba. Matsa."

Kawu ya jawo benci. Nan take kira ya shigo.

Ranar na fara ganin fuskar Madam. Dattijuwa ce, gashinta ya yi fari, da tabarau. Ta ce ta ɗauki izini a wurin aiki don kiran nan. Faransanci take yi mini, a hankali, tana tuntuɓe, don ta san ya fi mini sauƙi. Baba ya matso har hularsa ta cika allon, ya gaishe ta, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ina fassarawa tana murmushi tana dafa ƙirji. Sannan ya ce, "Gaya mata na ba ta amanarka. In ka yi ba daidai ba ta hukunta ka." Na fassara wannan ma, da bakina.

Na nuna hotunan. Ta tafa hannu. Ta ce, "Wannan ya yi kyau! Me ya sa ka ɓoye mana? Tsaya, na aiko maka zanen kyanwata yanzu. Buɗe mini fuskar na'urarka, ka zuba mata launi mu gani."

Zufa ta keto mini. Na shiga latse-latse, na ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, kamar da kaina nake, "Kai, rezon nan ya yi ƙasa."

Kawu Isuhu ya yi tsalle kamar an zagi mahaifinsa. "Rezon wa? A butik ɗina? Duba nan!" Ya ɗaga salularsa yana nuna wa kowa. "Ya cika fal! Yi aikinka, Injiniya."

Ƙofar gudu ta ƙarshe ke nan, Kawu ya rufe ta da alfahari. Na dubi Madam, tana jira. Na dubi Yaya Habu, wanda ya yi koleji kafin ya bari, yana jin Faransanci sarai. Na ce, da muryar da ni kaina ban gane ba, "Madam, ba ya haɗuwa."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in ba da umarnin ta gani. Na bayar. Muka zauna mu huɗu a butik, ita a can ƙasarsu, muna sauraren gurnanin ordinatar. Wata mata ta shigo sayen sabulu ta tsaya kallo. Ya wuce rabi, ya ƙame, ya mutu inda ya saba. Madam ta karanta saƙon, ta rubuto mini layi ɗaya, gajere, bai kai tsawon yatsana ba.

Ta ce, "Ƙwaƙwalwar na'urarka ce ƙarama. Tana ɗaukar ayyuka da yawa lokaci guda sai ta shaƙe. Wannan zai sa ta yi su ɗaya bayan ɗaya. Zai daɗe, amma zai ƙare. Ɗalibai da yawa sun ci karo da haka. Tun yaushe yake yi maka?"

Na ce, "Tun ranar farko."

Ta ce, "Hotunan akuyar fa?"

"Da hannu na yi."

Ta cire tabarau ta ajiye, ta murza idanunta. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Sau shida na tambaye ka. Lokacin zaɓe wasu sun ce a ɗauki wani, ni na tsaya na ce kai. Da ka ce mini ka makale, ba komai ba ne, duk muna makalewa. Hotunan nan ne ba zan iya tsallakewa ba. Dole in rubuta abin da na gani."

Baba ya taɓa Yaya Habu. "Me take cewa?"

Yaya Habu, mutumin da ya yi noman mutum biyu saboda ni, ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaishe ka take ƙara yi, Baba."

Baba ya dube shi, ya dube ni. Ya ce, "Gaisuwa ce ta jiƙa wa ƙanenka riga haka?" Ya miƙe, ya ɗan rusuna wa allon, ya ce, "Mun gode, Allah saka da alheri," ya tattara rigarsa ya fita. Kawu Isuhu ya kama goge kantar da ba ƙura a kai.

A hanya na cim mishi, na faɗa mishi komai, har akuyar. Bai tsaya ba, yana ɗingisawa yana saurare. Ya ce, "Su mutanen nan, su nawa ne?" Na ce suna da yawa. "Kuma kowa aikin kowa yake taimakawa, ba biya?" Na ce e.

Ya ce, "Ashe gayya ce. Aka kira ka gayya, ga mutane a kunya ɗaya da kai, hauyarka ta karye tun da safe, ka tsaya kana ɗaga hannu kamar kana noma har rana ta yi tsaka. Ni rashin iyawarka bai dame ni ba. Wanka Habu nake tausaya wa." Muka yi tafiya kaɗan, ya ƙara da cewa, "Gobe akwai maimai a gona. Ka fito da wuri."

Da na koma gida na sa layin nan na Madam. Ordinatar ya yi ta aiki a hankali tun azahar, kafin magariba ya gama. Manhajar ta buɗe. Na zuba wa kyanwar launi da kod ɗina na sati shida. Kafa biyu ce a jikin zanen. A ƙaramar ya tsaya cak. A babbar ya zurare. Wato rabin aikin daidai yake, da na tura shi tun farko da tuni an taya ni gyara sauran. Wannan ne ya sa ni kuka, na rufe ɗaki na yi mai isata. Bayan kwana biyu takardar sallama ta zo. Sauran daminar a gandu na ƙare ta, kusa da Yaya Habu, wanda har yau bai taɓa ɗaga maganar ba (wani lokaci ina fata ya ɗaga, ya zage ni in huta). Ƴan fada kuwa ba su fasa ce mini Injiniya ba, sai dai yanzu da wata irin murya.

Abin da na koya shi ne, jahilcin da ka faɗa minti biyar yake yi a duniya, wanda ka ɓoye kuwa sai ya ci daminar gidanku. Zan so in ce tun ranar na shiryu, amma na daina yi muku hoton akuya. A ƙarshen takardar sallamar Madam ta rubuta cewa shirin ne ya ƙare, manhajar tana nan a buɗe, in dawo duk ranar da na shirya. Kunya ta sake riƙe ni, sai da na yi wata takwas ban amsa ba. Da na tashi amsawa na cika shafi guda da neman gafara. Ta mayar mini da layi ɗaya: "To, yanzu ina ka makale?"

Na rubuta mata wurare goma sha ɗaya.